Magudanar Makgirego ta Obalende: magani aka haƙa ta, kada mu mai da ta cuta

Jama'ar Obalende, assalamu alaikum. Duk mai bi ta ƙarƙashin gadar nan ya san warin da ke tashi daga babban lambatun da muke kira kanal. Da yawa cikinmu sun ɗauka kwata ce kawai. A'a, tana da suna, tana da tarihi.

Sunanta ya samo asali ne daga Wiliyam Makgirego, gwamnan Turawa da ya mulki Legas daga 1899 zuwa 1904. Shi likita ne kafin ya zama gwamna. A lokacin Ikko cike take da fadama da ruwa kwance, zazzaɓi na ta ɗibar mutane. A 1897 ne wani likita Bature mai suna Ronal Ros ya gano cewa sauro ke yaɗa cutar, a 1901 kuma ya zo Legas da kansa. Sai gwamnan ya duƙufa wajen janye ruwan fadamu, aka haƙa wannan magudana don ruwa ya samu hanya zuwa tafkin Legas. Ita ce ma ta raba Ikoyi da tsibirin Legas. Daga baya gine-gine da hanyoyi suka cinye wani sashe nata, sai abin da ya rage muke gani yau.

To, yanzu me ke cikinta? Ledar fiya wata, robar abinci, kwalaben roba, ɓawon albasa, kayan cikin dabbobi daga wajen mahauta da masu suya. Da dare kuma wasu su mai da ita ban ɗaki. Ni da nake zagayen gidaje a aikina na lafiya, ba sai an gaya mini ba: inda ruwan ya fi tsayawa, nan yara suka fi kwanciya da zazzaɓi. Idan ruwan sama ya sauko a watan Yuni ko Yuli bai samu hanya ba, cikin shaguna da ɗakuna yake komawa da duk ƙazantar da muka zuba. Ba mu manta kwalarar da ta ɓarke a Yunin 2024 ba, tsibirin Legas na cikin wuraren da ta fi addaba.

'Yan uwana masu turin kura, na san abinci kuke nema, amma kuɗin da kuka karɓa don kwashe shara ba na juye ta a kanal ba ne. A tara shara a buhu, a ɗaure, a jira motar LAWMA, hukumar kwashe shara ta jihar Legas, ko ta PSP, kamfanonin kwashe shara masu zaman kansu. Masu sayar da abinci su tuna an hana farar robar nan ta zuba abinci tun Janairun 2024. Kada a kafa rumfa ko tebur a bakin magudanar, domin nan motar yashe magudana take tsayawa.

Malamai, a taimaka a tuna wa jama'a ranar Juma'a kafin damina ta kankama. Wanda kuma ya ga amai da gudawa a gidansa, ya fara ba da ruwan gishiri da sukari, ya garzaya asibiti mafi kusa.