Manoman Auduga na Gusau, Mu Raba Injin Feshi da Bakin Kogi

'Yan'uwa manoma, kogin nan da ya ratsa Gusau, wato kogin Sakkwato, daga wajen Funtuwa ya taso. Idan ya wuce mu sai ya nufi Bunguɗu, ya cika madatsar Bakolori kusa da Talatar Mafara, wadda aka kammala a 1978, kafin ya haɗu da Rima a Sakkwato. Shi aka tare a dam ɗin Gusau, shi ke zuwa famfunan gari. Auduga kuwa ba baƙuwa ba ce a nan. Tun da jirgin ƙasa ya iso daga Zariya ya zarce Ƙauran Namoda a 1929, aka riƙa gurzar ta ana loda dilolinta zuwa kudu, daga baya har masaƙa aka kafa. Garin Gusau ya zama babban birnin Zamfara a 1996, mutane sun ƙaru, masu shan ruwan ma haka.

To, auduga tana son feshi, musamman in ta fara fure tsutsa ta far mata. Ba feshin nake ƙi ba. Abin da ke biyo bayansa ne matsalar. Mutum ya gama da yamma, ya sauko da injinsa bakin ruwa, ya tsoma, ya girgiza, ya tuttular da farin ruwan nan mai kumfa. Taku kaɗan daga nan yara ke wanka, shanu na sha, mai lambu ya jefa tiyo yana ba tumatir.

A gona ake wanke inji, nesa da rafi da rijiya. Robar maganin kuma a ɗauraye ta sau uku, kowane karo a juye ruwan cikin tankin feshi a fesa wa audugar, sannan a huda gindinta da ƙusa. Hudawar nan kada a raina ta, domin roba mai kyau ba ta kwana a gona. Gobe sai ka gan ta a gida an zuba man gyaɗa ko ruwan alwala. Sabulu ba ya fitar da dafin da roba ta riga ta sha.

A sayi maganin da ke da lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, a guji wanda ake aunawa a kwalbar lemo a kasuwa. A yi feshi da sassafe ko da la'asar, iska na bayanka, da doguwar riga da takalmi da takunkumi. Ban da goro, ban da sigari, sai an wanke hannu.

Idan mai feshi ya fara jiri, amai, dalalar yawu ko gumi mai yawa, a tuɓe masa kayan, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu. Kada a ɗura masa madara ko manja, kada a sa shi amai. A garzaya asibiti da shi, a tafi da robar maganin don likita ya karanta sunan gubar.