Waiwaye: Cutar MS, batun gado, da maganin da ya ƙi ci

Tunda gwajin jini kafin aure ya zama ruwan dare a Birnin Kebbi da Argungu, duk cutar da aka ce tana da alaƙa da gado sai a auna ta da mudun sikila. Shi ya sa da an ji likita ya ambaci cutar MS (multiple sclerosis, wata cutar jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka), gardama ke kaurewa. Wannan ya ce daga dangin uwa ne, wancan ya ce ciwon Turawa ne, gwaggo kuma ta rantse iska ce, don yarinya yau ƙafa ta mutu, ido ya dushe, bayan sati uku ga ta tana daka kamar ba ita ba.

Maganar ta daɗe. A 1868 likita Jean-Martin Charcot ya fayyace cutar a Faransa. Garkuwar jiki ce ke juyowa tana cin rigar da ta lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, kamar ɓera ya ɓare robar wayar lantarki. A farkon shekarun 1970 aka gano alaƙarta da ƙwayoyin halittar gado da ake kira HLA, masu alaƙa da garkuwar jiki, wani nau'insu kan ninka haɗarin kusan sau uku. A 2007 aka ƙara gano wasu biyu, IL7R da IL2RA, zuwa 2019 wuraren da aka gano a cikin ƙwayoyin halittar gado sun haura 200, galibinsu kan yadda ƙwayoyin garkuwa ke aika wa juna saƙo.

Inda labarin ya juya, a ganina, ba a cika faɗarsa ba. Akwai wani sinadari, TNF, wanda shi ne kamar gangar yaƙi a jiki: in an buga, kumburi ya tashi. Magungunan da ke toshe shi sun yi rawar gani a ciwon gaɓɓai mai kumburi, don haka aka ɗauka za su ci MS, tunda ita ma kumburi ce. Aka gwada a kan mutum 168. Sakamakon da aka fitar a 1999 ya ɗaure wa kowa kai: waɗanda aka ba maganin ciwonsu ya fi yawan tashi, ya kuma fi saurin dawowa.

Sai a 2012 masu bincike a Jami'ar Oxford suka warware ƙullin. Wani ɗan bambanci a ƙwayar halittar TNFRSF1A kan sa jiki ya ƙera guntun makarɓin TNF, wato abin da ke karɓar saƙonsa, marar gindin da zai kafu a kan ƙwayoyin jiki. Sai ya yi ta yawo yana tare saƙon a hanya, daidai da aikin wancan magani. Wato mai wannan bambancin da ɗan maganin aka haife shi a jikinsa, kuma shi ne ke ɗan ƙara masa haɗari. Ashe gangar nan ba yaƙi kaɗai take kira ba, akwai inda take kare jijiya.

Duk da haka gadon ba irin na sikila ba ne. Tagwaye masu kama ɗaya, in ɗaya ya kamu, galibi ɗayan yana tsira. Binciken 2022 a kan sojojin Amurka fiye da miliyan 10 ya nuna ƙwayar cutar Epstein-Barr na da babban hannu. Takardar AA ko AS da ake kai wa liman ba ta nuna komai a nan.

Kuma jinin da aka yi manyan binciken nan da shi, kusan duk na Turawa ne, ba na 'yan Yauri ko Zuru ba.