Taswirar ambaliya a Damagaram: ku karanta kafin ku sake tambayata

Mene ne SIG ɗin nan?

SIG taƙaitaccen suna ne na Faransanci, da shi ake haɗa taswirar ambaliya. Taswira ce cikin kwamfuta, ana ɗora bayani kan bayani: tudu da kwari, tabkuna, kanibo, gidaje. Daga nan a ga inda ruwa zai bi da inda zai kwanta. Shi ke nan.

Sai da kuɗi?

A'a. QGIS (manhajar haɗa taswira) kyauta ne, OpenStreetMap (taswirar duniya ta intanet) kyauta, hotunan tauraron ɗan adam na Sentinel ma haka. Kuɗin intanet kawai.

Garin da ake wahalar ruwan sha, ina ruwansa da ambaliya?

Haba jama'a. Garin nan bisa dutse yake zaune, dutse kuwa ba ya shan ruwa, in aka yi mamakon Agusta duk gangarowa yake yi cikin unguwanni. Ko kun manta tsohon masallacin unguwar Birni da ya rushe a Satumba 2024?

Na samu parsel, taswira ba ta sa wurin cikin ja (alamar haɗarin ambaliya) ba, in saya?

To nan fa sai a hankali, ba zan ce maka saya ba kuma ba zan ce bari ba. Da yawa cikin taswirorin nan da bayanan SRTM ake yinsu, awon tudu da kwarin ƙasa da aka yi daga sararin samaniya a shekarar 2000, kuma kowane ɗigo ɗaya na hoton mita 30 ne kan 30, wato ɗigo guda ya fi parsel ɗinka girma, ramin da aka haƙa don yin tubali aka cike shi da shara ba lalle ya fito ba. Sannan tun lokacin an yi gini kan hanyar ruwa, katanga guda na iya juyo shi ƙofarka, balle in leda da yashi sun toshe kanibo. In taswira ta nuna ja, ka yarda da ita. In ba ta nuna ba, wataƙila lafiya, wataƙila ba ta gani ba ne. Ka je da ƙafarka washegarin ruwa mai ƙarfi, ka dubi gindin bangon maƙwabta ko akwai zanen laka da ya kai gwiwa, ka tambayi tsofaffin unguwa, ba mai sayarwa ba. Don Allah kar a saya a watan Maris don an ga ƙasa a bushe.

Gidanmu na cikin ja, mu tashi?

Kwantar da hankali hajiya, ja ba ya nufin gobe. A ɗaga dokin ƙofa, a yi wa gindin bango siminti, a yashe kanibo tun Mayu.

Taswirar za ta faɗi ranar da ruwa zai zo?

A'a. Wannan aikin masu hasashen yanayi ne, a saurari rediyo.