Waiwaye: Matan bakin rami da suka riga 'yan gayu sa wando

Duk sanda aka buɗe sansanin masu yi wa ƙasa hidima, sai maganar wandon kaki ta dawo sabuwa fil a Facebook. Wasu su ce a bar 'yan mata su sa siket, wasu su ce ina aka taɓa fareti da hawan igiya da siket? A tsakiyar cacar bakin ba a rasa mai cewa ai jiya-jiyan nan 'yan fim da masu gayu suka jajibo mana wannan shiga. Maganar ta girmi kakannin masu musun.

Matan Turkiyya da Farisa da Indiya da Sin sun yi ɗaruruwan shekaru suna sa wando ba wanda ya ɗaga kai ya dube su. A Turai ne abin ya zama rigima. A 1800 an kafa doka a Paris cewa macen da ke son shigar maza sai ta nemi izini a rubuce. A 1851 'yar jarida Amelia Bloomer ta tallata gajeriyar riga da wando mai faɗi a Amurka, shigar da ake kira ta Turkawa, aka yi ta yi musu ihu a titi har yawancin masu sawa suka haƙura. Sai 'yar fim Marlene Dietrich da ta riƙa fitowa da wando a shekarun 1930, kamfanin Levi's ya ɗinka wa mata jins a 1934, mai tsara tufafi Yves Saint Laurent ya fito da kwat da wandon mata a 1966. Waɗannan su ake lissafawa kullum.

Wanda ba a cika tunawa ba ya faru ne a Wigan, wani garin haƙar kwal a arewacin Ingila. A 1838 ambaliya ta cinye yara 26 a ramin kwal na Huskar, a wani yankin na arewacin Ingila. Binciken da ya biyo baya ya bankaɗo yadda mata ke rarrafe a ƙarƙashin ƙasa, da sarƙa a ƙugu, suna jan amalanken kwal. Abin mamaki, cikin abubuwan da suka fi tayar wa jama'a hankali har da jin cewa wando suke sawa kamar maza. A 1842 majalisa ta haramta wa mata duka, da yara maza 'yan ƙasa da shekara 10, shiga rami.

To amma doka ba ta ɗora tukunya. A Wigan, matan suka koma aiki a bakin ramin: su tura tarago, su juye kwal, su tsaya suna tsince duwatsu daga cikinsa, su loda da shebur. Wuri ne mai iska da sanyi da ƙura, ga injuna na juyawa. Doguwar rigar zamanin mai share ƙasa, in ƙarfe ya cafke ta, sai dai wani ba mai ita ba. Don haka suka ci gaba da sa wandonsu, sau da yawa tsohon na miji ne ko na wa, duk faci. Su ɗora siket a kai amma su nannaɗe shi zuwa ƙugu, su ɗaura kallabi saboda ƙura, ƙafa kuma takalmin katako. Masu hoto suka gano ciniki, suna ɗaukarsu riƙe da shebur ko rariya suna sayar wa baƙi katin a matsayin abin al'ajabi. Ran Lahadi kuwa matan nan da rigunansu na mutunci suke fita.

A 1887 aka so a kore su daga bakin ramin ma, wai aikin da shigar ba su dace da mace ba. Sai suka tashi tawaga zuwa Landan, suka je gaban ministan cikin gida da kayan aikinsu, suka ce a bar su su ci guminsu. Aka janye maganar. A 1911 aka sake tayar da ita, suka sake komawa, aka sake barin su. Su ba rajin kwalliya ya kai su ba, albashin mako suke karewa.

Abin da ya biyo baya a kan wannan sawu ya bi. Keke ya yaɗu a shekarun 1890, ya tilasta a rage yadi. Yaƙin duniya biyu suka kwashe maza, mata suka cika masana'antu da gonaki cikin wando, da aka gama kuma ba duka suka tuɓe ba. Doka ce kullum ke zuwa a makare: sai 1993 sanatoci mata suka samu damar shiga zauren Majalisar Dattawan Amurka da wando, Malawi ta ɗage haramcinta a farkon shekarun 1990, ita kuwa waccan doka ta Paris sai a 2013 aka bayyana a hukumance cewa ta mutu.

A nan gida, 'yar Islamiyya da wandonta take tafiya makaranta, matar aure ta kai wa tela yadi ya yi mata ɗinkin Pakistan, ba mai cewa uffan. Inda ake sa-in-sa shi ne matsewar wandon da abin da aka ɗora a kansa. Matan Wigan ma ai siket suke ɗorawa a kan wandon nasu.