Waiwaye: shekarar da masunta suka ɗaure jiragensu, da muhawarar rundunar tsaron gaɓar teku

Tun ƙarshen 2024, lokacin da Majalisar Dattawa ta yi zaman jin ra'ayin jama'a kan ƙudirin kafa rundunar tsaron gaɓar teku, maganar ba ta kwanta ba. Masu goyon baya na cewa ƙasa mai gaɓar teku ta kilomita kusan 850, ga kuma koguna da ke cin rayuka duk damina, tana buƙatar runduna ta musamman da aikinta kawai shi ne sintiri, ceto da kama masu laifi a kan ruwa. Sukan tuna da hatsarin kwale-kwalen Patigi na Yunin 2023 da ya ci mutum sama da 100. Sojojin ruwa kuma suka ce dokar rundunonin soja ta riga ta ɗora musu wannan aiki, har da sa ido kan kwastan, kamun kifi da satar mai, don haka a ƙara musu kuɗi da kayan aiki ya fi a buɗe sabon gida. Kowane ɓangare yana da hujjar da za a saurara. Ko a nan Zariya, inda babu teku amma akwai cibiyar koyar da fasahar sufuri a Basawa da ɗaliban shari'a a Kongo, akan ji ana tafka wannan gardama. Abin da ke damuna shi ne yadda ake yin ta kamar fashin teku jiya ya faɗo mana daga sama.

Abin ya daɗe. A 1975 jirage sama da 400, galibinsu ɗauke da siminti, suka yi cirko-cirko a bakin tashar Legas, wasu sun shafe watanni suna jiran layin sauke kaya. Da dare ɓarayi kan zo cikin kwale-kwale, su hau da igiya su kwashi abin da hannunsu ya kai. Kafin ƙarshen shekarun 1970 sata ta zama kisa, kuma koke-koken da suka fito daga gaɓar Afirka ta Yamma na cikin abin da ya sa hukumar sufurin teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da ƙudirinta na farko kan fashin teku a 1983. Daga 2006 tsagerun Neja Delta suka shigo da jirage masu gudu da manyan bindigogi, suna ɗauke ma'aikatan mai, har marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi musu afuwa a 2009. Wannan duk an sani, an kuma rubuta shi sau da dama.

Wanda ba a cika tunawa da shi ba ya faru ne a farkon 2008. Ƙungiyar masu jiragen kamun kifi ta Najeriya ta janye jiragenta kusan 200 daga teku, aka ɗaure su a bakin ruwa, matuƙa suka ce ba za su koma ba. Ba ƙarin albashi suke nema ba. Kashe su ake yi. A makonnin da suka gabaci janyewar an yi ta kai musu hari ba ƙaƙƙautawa, an kashe abokan aikinsu, wasu an bar su da raunin harsashi a tsakiyar ruwa, nesa da asibiti. Dubban ma'aikata suka zauna a gida, kifi ya yi tsada a kasuwannin Legas, sannan aka fara jin labarin a wajen unguwannin masunta.

Ya kamata a fahimci dalilin da ya sa jirgin kamun kifi ya zama abin farauta mafi sauƙi. Idan ya saki komarsa yana ja, da ƙyar yake wuce kilomita 6 a awa, kuma ba zai iya gudu ba sai ya yanke komar da ta kai kuɗi mai yawa. Gefensa gajere ne, mutum na iya takawa daga ƙaramin jirgi ya shiga ba tare da tsani ba. Aikinsa kuma a ruwa mara zurfi yake, kusa da bakin koguna, domin can jatan lande da kifi suke. Wato kullum yana daf da ƙofar ƙoramun da 'yan fashi ke fitowa su koma. Suna zuwa su kwashe kifin da aka yi makonni ana tarawa a ɗakin sanyi, su ɗebe man jirgi, su cire na'urorin sadarwa, su karɓe wayoyi da kuɗin aljihu, har katifa da tukunya ba su bari. Jirgin da aka cire wa rediyo ba shi da bakin neman agaji. Sai ya lallaɓa ya dawo da kansa, in injinsa ya tsira.

Wani ƙiyasi da aka yi a gida ya nuna an kai wa jiragen kamun kifi kaɗai hari kusan 300 tsakanin 2003 da 2008. A 2008 ɗin kuwa, cibiyar da ke tattara rahoton fashin teku ta duniya, mai ofishi a Kuwala Lampur, hari 40 ta rubuta wa Najeriya gaba ɗaya. Ba laifin cibiyar ba ne, abin da aka kai mata take rubutawa. Babban jirgin dakon kaya yana da kamfani a Turai, yana da inshora, yana da jami'in da aikinsa ke nan ya buga rahoto. Masunci kuwa ga maigidansa yake kai kuka, maigidan ya lissafa asara ya haɗiye. Mai kwale-kwale da aka raba da injinsa ma ko wannan ba shi da shi. Haka aka samu littafi biyu: ɗaya duniya na karantawa tana yanke hukunci da shi, ɗayan yana cikin zukatan matan da aka bari da marayu a garuruwan bakin ruwa.

Yajin aikin ya ƙare bayan an yi alkawarin ƙara sintiri, jirage suka koma ruwa, hare-hare kuma suka ci gaba. A shekarun da suka biyo baya yawan jiragen kamun kifi na ƙasar ya ragu ƙwarai, kamfanoni da dama suka rufe. A ganina nan ne aka yi babbar asara, wadda ta wuce ta kifi. Shekara da shekaru ana barin gungun matasa masu bindiga suna gwada hannunsu a kan marasa gata, suna koyon yadda ake tare jirgi, yadda ake hawa, inda ake sayar da kayan sata, da wanda zai saya. Mafi muni, suka koyi cewa za a iya kashe mutum a kan ruwa a koma gida a yi barci. Mu a Jihar Kaduna mun san wannan darasi da jikinmu. An daɗe ana kore shanu ana ɗauke manoma a ƙauyukan Birnin Gwari da Giwa kafin harin jirgin ƙasa na 28 ga Maris 2022 ya girgiza ƙasa baki ɗaya, kuma waɗanda suka tare jirgin ba ranar suka fara riƙe bindiga ba.

Akwai wani abu na doka da ya sa kukan masunta bai yi nisa ba. A yarjejeniyar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982, fashin da ake yi bayan mil 12 na teku daga gaɓa laifi ne da kowace ƙasa ke da ikon kama mai yin sa. Wanda aka yi cikin mil 12 kuwa lamarin cikin gida ne, babu jirgin yaƙin wata ƙasa da zai shigo, babu mai tilasta maka. Akasarin abin da ya samu masunta kusa da gaɓa ya faru. Nauyin namu ne mu kaɗai, kuma a lokacin ƙasar ba ta da wata doka ta musamman kan fashin teku. Ko an kama mutum da bindiga a cikin jirgi, sai a yi ta laluben sashen da za a tuhume shi da shi.

Abin da ya biyo baya ya zo da sauri. A 2011 aka koma sace manyan jiragen dakon mai a gaɓar Kwatano, a tafi da su a juye man cikin wani jirgi a sayar. Nan take duniya ta motsa: Najeriya da Jamhuriyar Binin suka fara sintirin haɗin gwiwa, Kwamitin Sulhu ya fitar da ƙudiri a 2011 da wani a 2012, ƙasashe 25 suka rattaba hannu kan yarjejeniyar Yawunde ta haɗa kai wajen yaƙi da fashin teku a Yunin 2013. Da farashin gangar mai ya faɗo daga sama da dala 100 a tsakiyar 2014 zuwa ƙasa da dala 30 a farkon 2016, satar man ta rage riba, ga kuma haɗarin da ke cikinta, domin a Fabrairun 2016 sojojin ruwan Najeriya sun bi Maximus, wani jirgin dakon mai da aka sace, har kusa da Sao Tome suka ƙwato shi. Sai aka juya ga mutane. Ɗauke matuƙi da injiniya a shige da su ƙoramu bai ɗaukar lokaci, kuɗin fansa kuma ba ruwansa da farashin mai. A 2020, cikin ma'aikatan jirage 135 da aka yi garkuwa da su a duk tekunan duniya, 130 a mashigin tekun Gini, inda gaɓar Najeriya take, aka ɗauke su. A Janairun 2021 aka hau jirgin Mozart, aka kashe injiniya ɗan Azarbaijan, aka tafi da Turkawa 15.

Gaskiya ne an yi aiki, kuma ya yi amfani. An sa hannu kan dokar yaƙi da fashin teku a 2019. A Yunin 2021 aka ƙaddamar da shirin Deep Blue na dala miliyan 195, da jiragen sintiri masu gudu, jiragen sama da masu saukar ungulu, da cibiyar sa ido. A Yulin shekarar wata babbar kotun tarayya a Legas ta ɗaure mutum 10 shekara 12 kowanne saboda sace jirgin kamun kifi na 'yan Cana mai suna Hailufeng 11. Hare-haren da aka rubuta a mashigin tekun suka sauko daga sama da 80 a 2020 zuwa 34 a 2021, sannan 19 a 2022, kuma a Maris 2022 aka cire Najeriya daga jerin ƙasashe masu haɗarin fashin teku. Waɗanda suka sa rayukansu cikin wannan aiki sun cancanci yabo, cikinsu har da 'ya'yanmu da suka fito daga makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna.

Sai dai waɗannan alƙaluma na littafin farko ne, wanda duniya ke karantawa. Masunta a Ibeno da Oron na Jihar Akwa Ibom suna nan suna kukan ana ƙwace musu injina a kan ruwa. An sha tare fasinjojin kwale-kwale tsakanin Fatakwal da Bonny, har mutanen tsibirin suka fito zanga-zanga a farkon 2021. Mu ma abin na taɓa mu ta hanyar da ba mu lura. Ƙasar na buƙatar kifi sama da tan miliyan 3 a shekara, abin da ake samarwa a gida bai wuce kashi ɗaya bisa uku ba, kuma akasarinsa daga ƙananan masunta yake fitowa. Kifin ƙanƙara da ake yankawa a kasuwar Sabon Gari mafi yawansa a jirgi ya zo daga waje, kuma kuɗin inshorar da kamfanoni ke ƙarawa saboda haɗarin ruwanmu yana cikin farashinsa. Busasshen jatan lande da matanmu ke sawa a miya kuwa daga hannun waɗancan masu kwale-kwalen ya fito.

A ƙasashen da rundunar tsaron gaɓa ta yi tasiri, aikin nata ba na yaƙi ba ne, na ɗan sanda ne a kan ruwa. Ƙananan tashoshi a bakin koguna, jirage masu shiga ruwa mara zurfi, lambar da masunci zai kira a amsa masa da harshen da yake ji, jami'an da suka san yadda ake adana shaida har ta kai gaban alƙali. A mashigin Malaka, Malesiya da Indonesiya da Singafo sun fara sintirin haɗin gwiwa a 2004, Malesiya ta ɗora aikin a kan sabuwar hukumar tsaron gaɓarta a 2005, aka buɗe cibiyar musayar bayanai a Singafo a 2006, hare-hare suka ragu. Indiya ta kafa tata rundunar tun 1978, Kenya a 2018. Mu kuwa biyu daga cikin manyan jiragen da sojojin ruwanmu suka samu, Thunder a 2011 da Okpabana a 2014, tsofaffin jiragen rundunar tsaron gaɓar Amurka ne. Okpabana ne ya bi sawun Maximus. Amma jirgi mai tsawon mita 115 ba zai shiga ƙoramar da ake ɓoye injin sata ba.

Shi ya sa ban damu sosai da kalar kakin da za a sa ba. Ko sabuwar runduna aka kafa ko aka faɗaɗa wadda ake da ita, ina so wakilanmu na Kaduna a majalisa su tashi su tambaya: tashoshi nawa za a kafa a bakin koguna, kuma a ina? Wa zai riƙa rubuta harin da aka kai wa kwale-kwale, a fitar da adadin kowace shekara kamar yadda ake fitar da na manyan jirage? Idan an kama ɗan fashi da injin masunci, wace kotu za a kai shi, kuma wa zai bi sawun dillalin da ke sayen injin a kan tudu? Su kuma nemi a gayyato ƙungiyoyin masunta da direbobin kwale-kwale su yi magana a zauren, kafin a kaɗa ƙuri'a.