Retinoyid: magungunan ƙurajen fuska dangin bitamin A

Retinoyid suna ne na wasu magunguna da aka samo daga bitamin A, ko aka haɗa su don su yi aiki irin nasa a fata. Da su likitocin fata suka fi dogara wajen maganin ƙurajen fuska, waɗanda samari da 'yan mata a Kaduna ke kira fimfus. Akwai na shafawa, akwai na sha, kuma na shan ya fi ƙarfi da haɗari nesa ba kusa ba.

Ƙurjin fuska yana farawa ne daga ƙofar gashi, wadda ke da 'yar jakar maiƙo a gindinta. Idan matattun ƙwayoyin fata suka cakuɗe da maiƙon suka toshe ƙofar, sai ƙwayar cutar da dama can take zaune a fatar kowa ta samu wurin hayayyafa, wurin ya kumbura ya tara ruwa. Retinoyid yana sa fata ta riƙa zubar da matattun ƙwayoyinta a kan kari, ya buɗe ƙofar da ta toshe, ya kuma rage kumburi. Aikinsa ya fi yawa a kan ƙurjin da bai fito ba tukuna, shi ya sa ake shafa shi a duk inda ƙuraje suka saba fitowa maimakon a ɗiga shi a kan guda ɗaya.

Na farko da aka yi amfani da shi shi ne tiretinoyin, wanda Albert Kligman da James Fulton suka gwada a Jami'ar Fensilbaniya a ƙarshen shekarun 1960. Amurka ta amince da shi a 1971 da sunan Retin-A. Adafalin, mai sunan kasuwa Differin, ya biyo baya a 1996, kuma saboda bai kai tiretinoyin zafi a fata ba, Amurka ta yarda a sayar da mai ƙarfin kashi 0.1 cikin ɗari ba da takardar likita ba tun 2016.

Da dare ake shafa shi, bayan an wanke fuska ta bushe sarai. Gwargwadon ƙwayar wake ya wadaci fuska gaba ɗaya, a kuma kauce wa gefen ido da leɓe da lungun hanci. Yawanci ana farawa da sau biyu ko uku a mako. Makonnin farko su ne masu wuya: fuska kan yi raɗaɗi, ta riƙa saɓa, wani lokaci ma ƙurajen su ƙaru. A nan mutane da yawa ke jefar da maganin su ce bai karɓe su ba, alhali sai an yi mako 8 zuwa 12 kafin a ga canji na gaske.

Yanayin Kaduna yana da nasa tasiri. Wanda ya fara a tsakiyar hunturu, lokacin da iska ke tsage leɓe ko ba magani, zai fi jin jiki, don haka ba ya rabuwa da man da ke sanyaya fata. Da rana kuma sai man kariya daga rana. Baƙar fata tana saurin yin tabo duk inda ta ji ciwo. Retinoyid yana taimakawa wajen dusar da baƙin tabon da ƙurji ya bari, amma idan aka lafta shi da yawa har ya ƙone fata, shi kansa sai ya bar sabon tabo. Halawa da dilka ma ba sa shiri da shi, domin fatar ta yi laushi, tana iya sulluɓewa. Wani abin lura shi ne mayukan bilicin da ake haɗa tiretinoyin da sitiroyid, wani maganin rage kumburi, a cikinsu: sitiroyid ɗin da kansa yana haddasa ƙuraje idan aka daɗe ana shafawa.

Aisotiretinoyin shi ne na sha. Kamfanin Roche ya fito da shi a Amurka a 1982 da sunan Accutane, a wasu ƙasashe kuma Roaccutane. Ana ajiye shi ne don manyan ƙuraje masu zurfi da ke barin rami a fuska, ko waɗanda suka ƙi jin sauran magunguna. Yana ƙanƙantar da jakunkunan maiƙon, kuma bayan wata huɗu zuwa shida da yawa kan rabu da ƙurajen na tsawon lokaci. Likita na auna shi da nauyin mutum, yawanci miligiram 0.5 zuwa 1 ga kowane kilo a rana, tare da gwajin hanta da na kitsen jini. Kusan duk mai shansa leɓensa kan bushe, wasu har da haɓo. Ba a haɗa shi da ƙarin bitamin A ko doksisaikilin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, kuma duk wani canjin hali ko damuwa mai tsanani a gaggauta gaya wa likita.

Babban haɗarinsa yana ga mai juna biyu. Yana iya zubar da ciki, ko ya nakasa jariri a kunne da fuska da zuciya da ƙwaƙwalwa, ko da 'yan kwanaki aka sha. Saboda haka ne Amurka ta kafa tsarin iPLEDGE a 2006, mai tilasta gwajin ciki kafin a ba mace maganin. Wannan ya shafi amare kai tsaye, tunda gab da biki ne aka fi neman abin da zai gyara fuska da sauri. Ƙa'ida ita ce kada a ɗauki ciki sai wata guda ya wuce da daina sha, kuma mai shansa, namiji ko mace, ba ya ba da jini a tsawon wannan lokaci. Na shafawar ma ana dakatar da shi idan ciki ya shiga. Na shan ba magani ba ne da za a karɓa a kemis da baki; wurin likitan fata ake zuwa, kamar a asibitin koyarwa na Barau Dikko ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.