Ɗakunan gungume na masu tsaron gobara a gandun dajin Amurka

Ɗakunan gungume na sintiri ƙananan gine-gine ne da aka yi da gumagumai a cikin gandun dajin ƙasa na yammacin Amurka, domin ma'aikata su kwana kusa da inda gobara kan tashi, kayan kashe wuta kuma na nan a ajiye. Sojoji ne suka fara gina irinsu a gandun Yellowstone, lokacin da suke riƙe da gandun daga 1886 zuwa 1918, kuma asali masu farauta ba bisa ƙa'ida ba ake fako da su. Babbar gobarar Agustan 1910, wadda ta cinye kusan eka miliyan 3 a Idaho da Montana da Washington, ita ta sa aikin kashe gobara ya shiga gaba. Bayan kafa hukumar gandun dajin ƙasa a 1916 aka ƙara gina su a gandayen Glacier da Dutsen Rainier, galibi tazarar tafiyar yini guda tsakanin ɗaki da ɗaki.

Ginin ba shi da ado. Ana sare itatuwa miƙaƙƙu a nan wurin, a ɓare bawon don kada ƙwari su samu mafaka, a fafe ƙarshen kowane gungume yadda zai hau kan na ƙasansa a kusurwa. Fafewar da aka yi a ƙasan gungumen ta fi, domin ruwa ba ya kwanciya a cikinta. Gibin da ke tsakani ana toshe shi da gansakuka, laka ko sandunan itace. Rufin yana da gangara sosai saboda dusar ƙanƙara, tagogi kuma da murafe masu kauri saboda dabbar beya. A ciki akwai murhun ƙarfe, gado, abincin gwangwani, shebur, zarto, da Pulaski, wato gatari mai bakin fartanya a bayansa, wanda ake share layin tare wuta da shi. Waɗansu ɗakunan an haɗa su da hasumiyar hangen hayaƙi ta wayar tarho da aka rataye a jikin itatuwa.

Lalacewa daga ƙasa take farawa. Gungumen farko, in ya taɓa ƙasa ko harsashin dutsensa ya nutse, yakan ruɓe. Gyaransa sai an ɗaga ɗakin da jak an sauya shi. Toshe gibi da siminti, wanda ake ɗauka gyara ne, yana riƙe danshi ya ruɓar da itacen. Rufin katako kuma tartsatsi kaɗan ya ishe shi, shi ya sa a yau idan gobara ta doso ake share ciyayin kewaye, a naɗe ɗakin da mayafin alminiyom.